Tallafin gwamnati ga motocin ƙauye: a sayi mota ko a biya kilomita?

Mai Lissafi: Assalamu alaikum ƴan uwa. Wanda zai bar Maraɗi zuwa Yamai ko Damagaram ba shi da matsala. Kamfanoni irin su Rimbo, STM, Sonef da Al Izza suna da lokacin tashi, ka yanki tikiti ka san sa'ad da za ka kama hanya. Jigilar fasinja a babbar kwalta ta RN1 tana ciyar da kanta, ba ta buƙatar ko dala daga gwamnati. Amma da ka sauka daga kwalta ka nufi garuruwan bayan Kornaka, ko arewacin Mayahi, ko tsakanin Dakwaro da Barmo, mota sai ranar kasuwa. Sauran kwanaki kabu-kabu ne ko amalanke. To in gwamnati ta ware kuɗi don wannan, mi ya kamata ta yi da su? Ni a ganina kada ta sayi mota ko ɗaya. Ta zaɓi hanya, ta ce kullum ƙarfe 6 na safe mota ta tashi, ta ciko ko ba ta ciko ba, sannan ta biya mai motar giɓin da ya rage, bisa kilomitan da ya yi da gaske.

Tsohon Kamasho: Wa alaikumus salam. Malam, ka fara da abin da ya fi wuya: tashi ba a cika ba. A tasha layi ake bi. Motar da ke kan layi ba ta motsi sai ta cika, ta bayanta ba ta lodi sai ta gaba ta fita. Ba mugunta ba ce, lissafi ne. Mai Hiyas da ya fita da mutum 7 ya ƙona mai a banza, ya kuma rasa layinsa, sai ya koma ƙarshe. Shi ya sa fasinja ke zaune tun hantsi har la'asar ana jiran mutum uku. Duk tsarin da bai taɓa wannan ba, bai taɓa komi ba.

Mai Lissafi: Daidai nan nake so mu tsaya, Baba. Ga misali, kuma ƙiyasi ne, kowa ya gyara da farashin da ya sani. Mu ɗauki gari mai nisan kilomita 60 daga kwalta, hanyar jan birji, Hiyas mai gazuwal da ke ɗaukar mutum 18. Ta fito da safe, ta koma da yamma, kilomita 120 ke nan a yini.

Mai: da lodi a kan birji mu ce lita 13 a kilomita 100, wato kusan lita 16. Lita a farashin Yulin 2024 sefa 618, ya kama jika 10. Direba da yaron mota, jika 5. Taya, juyen baƙin mai da gyara, mu sa sefa 45 a kilomita, 5,400. Inshora, takardu, duban lafiyar mota da kuɗin tasha in an raba su a kwanaki, jika 2. Sai abin da kusan kowa ke mantawa, wato tsufan motar kanta: in an saye ta miliyan 9 ta yi shekara 5 tana aiki kwana 300 a shekara, kullum tana cin jika 6. An tashi 28,400 a yini, kusan sefa 237 a kowace kilomita.

Kuɗin mota mu ce 1,500. Ranar da ba kasuwa, mutum 6 sun fito, 5 sun koma, 16,500, da kuɗin kaya jika 2, ya zama 18,500. Asara kusan jika 10. Ranar kasuwa kuwa ta cika zuwa da dawowa, 54,000, da kaya ta kai 60,000, riba 31,600. A mako mai kwana 6 na aiki da kasuwa guda, asarar kwana 5 ta kama 49,500, a cire ribar kasuwa, saura 17,900. A shekara bai kai miliyan 1 ba. Wannan shi ne duk abin da ke tsakanin garin nan da mota ta kullum. Ku gwada shi da kuɗin sabuwar Kosta guda.

Tsohon Kamasho: Lissafinka ya yi kyau a takarda, amma ka ba mutuminka ranar kasuwa shi kaɗai. Ranar kasuwa kowa zai zo: akori-kura, tsofaffin Hiyas, har manyan motoci masu ɗora mutane bisa buhuna. Su za su kwashe fasinja a kan 1,000, su ɓace har mako mai zuwa. Shi da ya sha wahalar kwana 5 ya tashi da rabin mota.

Mai Lissafi: Gaskiya ne. In ribar kasuwa ta tafi duka, giɓin ya koma 49,500 a mako, sama da miliyan 2 da rabi a shekara. Har yanzu da sauƙi, amma ya nuna dole kwangilar ta faɗi yadda za a yi da ranar kasuwa.

Alhajin Tasha: Ku yi haƙuri in shigo. Kada wani ya kawo maganar hana sauran motoci lodi ranar kasuwa. Ranar nan mota guda ba ta ɗauke ko kashi ɗaya cikin goma na mutane da buhunan wake da awaki. Kuma duk wanda ya ce zai hana direban sandika lodi a layin da ya gada, ya nemi rigima, rana ta farko za a gicciye mota a bakin hanya. Abin da zai yiwu shi ne a ba motar kwangila lodin farko na safe da lodin ƙarshe na yamma, tsakani kowa ya ci rabonsa. Kuma mi zai hana a ba sandikan kanta kwangilar? Direbobi 4 ko 5 na layin su haɗa ƙungiya mai rajista, su raba kwanaki, yau wane gobe wane. Wanda motarsa ta lalace ɗan uwansa ya rufe masa.

Gwaggon Yara: Alhaji, kafin a raba kwanaki a tambayi masu shiga motar. Wa ke tafiya ranar da ba kasuwa? Mai ciki da aka turo daga likitar gari zuwa asibitin gunduma, uwa da yaro mai zazzaɓi ko tamowa, ɗalibi, mai neman takardar haihuwa, mai zuwa kotu ko gaisuwar mutuwa. Kusan dukkansu lokaci ne ya dame su. In mota ta iso garin da asibitin yake ƙarfe 11 an riga an rufe karɓar kati, sai mutum ya kwana. In ta juya ƙarfe 1 kuma, wanda ke jiran sakamakon awon jini ya rasa ta. Sai ta iso kafin 8, ta juya bayan la'asar. Mace mai goyo kuma ba za ta hau kabu-kabu kilomita 60 cikin rairayi ba, in ma ta hau, kuɗinsa ya ninka na mota sau da yawa.

Ɗan Gobir: Abin da Gwaggo ta faɗa ya sa zan kawo yadda Amurka ta tsara nata, don akwai abin ɗauka. Bayan gwamnati ta sassauta dokokin harkar bas a 1982 kamfanoni suka janye daga ƙananan garuruwa masu yawa, suka tsaya a layukan riba. A dokar sufuri ta 1991 aka shigo da tanadin da yanzu ake kira sashe na 5311(f). Kowace jiha tana samun kuɗin sufurin karkara daga gwamnatin tarayya, kuma dole ta kashe aƙalla kashi 15 cikin 100 a kan bas mai haɗa garuruwa, sai fa in gwamna ya sa hannu cewa an tuntuɓi masu motoci kuma buƙatar ta riga ta biya. Tarayya tana ɗaukar har kashi 80 na sayen mota ko ginin tasha, amma a kuɗin gudanarwa kashi 50 na giɓi kawai take biya, sauran jiha ko ƙaramar hukuma ta nemo.

Abu biyu suka fi burge ni. Na farko, ana son layin ƙauye ya haɗu da babban layi, ya tsaya a tasha ɗaya da shi a lokacin da fasinja zai iya sauya mota. Na biyu, da aka ga ƙananan hukumomi ba su da rabin da ake nema, sai aka yarda a lissafa kilomitan da babban kamfani kamar Greyhound ke yi da kuɗinsa a layin da aka haɗu da shi, a matsayin gudummawar gida. Jihar Washington tun 2007 ita ke zana hanya da lokaci, ta kira masu motoci su yi takara. A wajenmu, ma'anarsa motar ƙauye ta iso Cadawa ko Tasawa ko Gidan Rumji kafin babbar bas ta wuce.

Alhajin Tasha: Amurka daban, Dakwaro daban, ƙanena. Su suna da haraji da ke shiga.

Ɗan Gobir: Ban ce a kwafo ba, Alhaji. Kanada ma ai masu kuɗi ne, amma Greyhound ta janye daga yammacin ƙasar a 2018, ta rufe layukanta na cikin ƙasar a 2021, lardin Saskatchewan kuma ya rufe kamfanin bas ɗinsa a 2017. Ko a ƙasar masu arziki layin ƙauye ba ya riƙe kansa. Wani ne ke cika giɓin, ko motar ta daina zuwa.

Bakanike: Ni dai ina bayan kada a sayi mota, amma dalilina na garaji ne. Motar da aka ce ta gwamnati ce ba mai jin zafinta. A birji da ƙura, juyen baƙin mai kowace kilomita 5,000 ne ba fashi, tare da matatar mai. Matatar iska kuwa lokacin hunturu kullum sai an kakkaɓe ta, in ta toshe injin ya yi ta baƙin hayaƙi yana shan mai, in ta yage ƙura ta shiga ta cinye ringi, wata kaɗan sai ka ga mota tana shan baƙin mai. Gargada tana karya sifirin, tana kashe shokozoba da rotil, tana kwance noti. Duk mako sai an shiga ƙarƙashi da sifana an ɗaure, an sa giris. Mai motar kansa yana yin wannan don aljihunsa ne. Motar ma'aikata sai an rubuta takarda, an jira sa hannu uku, kafin kuɗin matata ta jika 5 ya fito injin miliyan ya tafi.

Sai maganar iri. Masu kawo tallafi suna son sabuwar mota mai kwamfuta, wadda ba mai kayanta a Maraɗi, ba a Katsina, wataƙila sai Kano ko a yi oda. Injin zamani mai allurar mai ta lantarki ba ya jure gazuwal mai ruwa ko datti, jarka guda ta bakin hanya ta isa ta kashe injekta huɗu. Tsohon injin 5L na Hiyas ko 1HZ na Kosta, kowane garaji ya san shi, kayansa na nan sabo da na hannu. Bel ɗin tayimin dai a canza shi a kilomita 100,000, kada a jira ya tsinke, in ya tsinke sai an sauke kan injin.

Malam Mai Lissafi, sefa 45 ɗinka za ta isa in hanyar tana da dama-dama. Abin da ba ka sa ba shi ne kwanakin da mota ke kwance. Tsohuwar Hiyas a birji, ka cire mata kwana 3 ko 4 a wata. In kwangila ta ce kullum, to sai da motar ko-ta-kwana, aƙalla guda a kan kowane layi 3 ko 4.

Mai Lissafi: Na karɓa, Usta. Wannan ya ƙara wa shawarar Alhaji ƙarfi, ƙungiya mai motoci da yawa ita ce ke da ko-ta-kwana a cikinta ba tare da an sayi wata ba.

Injiniyan Hanya: Ku bari in ɓata muku lissafi kaɗan. Daga Yuli zuwa Satumba wace mota? Hanyar birji in an yi ruwa mai yawa ana sa shinge a tsayar da motoci, musamman masu nauyi, har ta sha iska, in ba haka ba taya ta huda ta, ramin ya zama tafki. Inda kwari ya ratsa hanya, kamar rassan Gulbin Kaba da Gulbin Maraɗi, in ba kwalbati ko daɓen siminti, ruwan awa biyu ya isa ya yanke gari kwana biyu. A arewa kuma, wajen Dakwaro zuwa Barmo, matsalar rairayi ce, Hiyas mai jan ƙafa biyu tana nutsewa har gindi, sai mai jan huɗu. Ni da za a ba ni zaɓi, kuɗin ya fara zuwa wuraren da ke yankewa. Sau da yawa a hanya mai kilomita 60, abin da ke hana wucewa bai fi wuri 3 ko 4 ba, kowane ƴan mitoci. A gyara su, a riƙa bi da gireda bayan damina, masu motoci da kansu za su shigo, don kuɗin gyaransu ya ragu. Aikin PMRC da Bankin Duniya ya tallafa, wanda ya shafi jihohin Doso, Tawa, Maraɗi da Damagaram, a kan hanyoyin karkara ya tsaya, kuma da dalili.

Tsohon Kamasho: Injiniya, akwai garuruwan da aka yi wa birji mai kyau, har yau mota sai ranar kasuwa. Hanya tana rage kuɗin tafiya, ba ta haifar da fasinja.

Injiniyan Hanya: Ban musa ba, Baba. Abin da nake cewa kada a sa hannu a kwangilar kullum a hanyar da ba ta biyuwa wata uku. A raba hanyoyi gida biyu. Mai biyuwa duk shekara ta shiga tsarin kilomita yanzu. Wadda ke yankewa a fara da gyara, ko a yi mata kwangilar rani daga Oktoba zuwa Yuni, lokacin da ma ake fitar da gero, wake da gyaɗa. A kuma rubuta cewa ranar da aka sa shingen ruwa ba a cin mai mota tara, amma ba a biyansa kuɗin mai, sai kason da ba ya canzawa kamar inshora da albashi.

Hajiya Mai Shago: Duk kun yi magana mai kyau, ba wanda ya ce ga inda kuɗin zai fito, kuma ga ranar da zai shiga hannun mai mota. Mun ga yadda aka yi da kyautar magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da aikin haihuwa tun 2006. Manufa mai kyau, amma kuɗin da za a mayar wa likitoci ya riƙa makara, har kantin magani ya bushe a wurare da yawa. Likita tana iya lallaɓawa da bashi. Mai Hiyas ba ya iyawa, gidan mai ba ya ba da lita 16 a kan alkawarin gwamnati. In aka yi wata biyu ba a biya ba zai koma jiran cika, mutane su daina yarda da ƙarfe 6, shi ke nan tsarin ya mutu ko da kuɗin ya zo daga baya.

Mai Lissafi: Hajiya ta taɓo jijiyar. Sharaɗina uku a nan. Kuɗin shekara guda ya shiga asusu na musamman a banki kafin mota ta fara tashi. A ba mai kwangila na wata ɗaya a gaba. Biya kuma ya zama kowane mako biyu, ta waya ko ta gidajen aika kuɗi irin su Nita da Amana, ba sai ya bar mota ya je yana zarya a ofis ba. Game da tushe, akwai asusun gyaran hanya na FER da ke samun kuɗin fiyaji da wani kaso daga mai, akwai ANFICT da ke tura kuɗi ga ƙananan hukumomi, akwai harajin tasha da na kasuwa da ma'aikatar magajin gari ke karɓa. Ban ce dokokinsu a yau sun yarda a biya tafiyar mota ba, sai an gyara rubutu. Amma ƙaramar hukuma ta sa nata ko kashi 10 ne, don wanda bai zuba ba ba ya sa ido.

Ɗan Gobir: Kuma tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 kantomomi ne ke riƙe da su, ana iya canza mutum a kowane lokaci. Kwangilar ta zama da sunan hukuma, shekara 3, ba yarjejeniyar baki da wanda ke kan kujera ba. Ƙasa da shekara 3 ba mai yarda ya sa kuɗinsa ya gyara mota.

Alhajin Tasha: Sai a sa maganar mai a ciki. A Agustan 2022 gazuwal ya tashi daga 538 zuwa 668, a Yulin 2024 ya sauko 618. Wanda ya sa hannu a tsohon farashi aka yi ƙarin 130 a lita, ya zai yi? Masu motar fetur ma sun ga nasu: da Najeriya ta cire tallafi a Mayun 2023, man ruwa-ruwa da layukan Ɗan Isa da Madarumfa suka dogara da shi ya daina araha. A rubuta cewa kason mai a kuɗin kilomita yana bin farashin gidan mai, ya hau a hau, ya sauka a sauka.

Gwaggon Yara: To wa zai tabbatar motar ta je? Kada a wayi gari ana biyan kilomita a takarda, mota tana Kasuwar Maraɗi tana jigilar siminti.

Bakanike: Na'urar bin sawu, Gwaggo. Ƙaramar aba ce mai layin waya a ciki, ana ɓoye ta bayan dashbod a haɗa da batir. Inda ba sabis tana ajiye bayani, in an shigo gari ta tura. Amma a sani ana yi mata dabara: a cire fis a ce lalacewa ta yi, ko a kwance ta a ɗaura wa babur ya je ya dawo. Maganinsa a ɗaure ta da hatimin dalma, a sayi mai batirin ciki da ke kai ƙara in an yanke wuta, a kuma riƙa gwada ta da mitar mota. Mitar ma a duba, rabin tsofaffin Hiyas wayar mitarsu ta daɗe da tsinkewa.

Tsohon Kamasho: Na'ura ta nuna mota ta je, ba ta nuna ta ɗauki mutane. In ana biyan direba kilomita zalla, kuɗin fasinja kuma na hukuma, to zai wuce tsohuwa a bakin hanya bai tsaya ba, ko ya ɗauka ya sa kuɗin a aljihu ba tikiti. In kuma aka ce a biya shi bisa yawan fasinja, za a ga sunayen mutanen da ba a haifa ba a takarda. Abin da ya fi: kuɗin fasinja nasa ne, tallafi kuma tsayayye a kilomita. Ya samu mutum 15 ribarsa, ya samu 3 asararsa ta ragu. Ta haka zai yi ta neman fasinja da kansa. Farashi kawai za a ƙayyade, a rubuta a jikin mota, zango zango, har da na buhu da na akuya.

Mai Lissafi: A nan takara ke shigowa. Hukuma ba za ta ce ga abin da zan biya ba. Za ta ce ga hanya, ga lokaci, ga farashi, wa zai yi a kan tallafi mafi ƙanƙanta? Wani ya ce sefa 90 a kilomita, wani 70. Sai dai a yi hattara da wanda ya faɗi abin da ba zai yiwu ba don ya ci, wata uku ya gudu. Shi ya sa hukumar ke buƙatar irin lissafin da muka yi a sama a aljihunta, duk wanda ya sauka ƙasa da shi sosai a tambaye shi ta ina.

Hajiya Mai Shago: A ƙara da littafi a hannun mai gari ko shugaban likita, mota ta iso a rubuta lokaci, direba ya sa hannu. A manna lambar waya a jikin motar don ƙorafi. Mutanen gari sun fi kowace na'ura sanin ranar da ba ta zo ba.

Alhajin Tasha: Wani abin da za ku ci karo da shi: in aka ce sai mai cikakkun takardu zai shiga takara, rajistar kasuwanci, lambar haraji, inshora mai rai, duban lafiyar mota, lasin ɗaukar fasinja, to mafi yawan masu layin ƙauye sun faɗi tun a ƙofa. Sai wani ɗan kwangila daga birni mai takardu ba mota ya ci, ya dawo ya ɗauki hayar su waɗannan direbobin a rabin kuɗi. A ba su wata 3 su daidaita, a taimaka wa ƙungiyar ta yi rajista sau ɗaya a madadin kowa. Amma inshora da burki da taya ba sassauci. Kuma mutum 18 na nufin 18, ba a ɗora kowa a kan rufi.

Ɗan Gobir: Kan sayen mota, akwai tsaka-tsaki. Senegal tun 2005 ta sabunta ƙananan bas na Dakar: masu motoci suka shiga ƙungiyoyi, kowa ya zuba wani kaso, aka ba da sauran bashi, aka karɓi tsofaffin motoci aka biya ladan rusa su. Motar ta mai ita ce, yana biya wata wata. Na cikin birni ne, fasinja ya fi yawa, amma dabarar tana aiki a nan: banki zai fi yarda ya ba direba bashi in ya ga kwangilar shekara 3 a hannunsa, a riƙa cire kason bashin daga tallafin kai tsaye.

Injiniyan Hanya: Ba a yi maganar tsaro ba. A kudancin Madarumfa da Gidan Rumji, wajen iyaka, mota mai tashi a lokaci ɗaya kullum kowa ya san sa'ad da za ta wuce, har wanda ba a so ya sani. Layukan can kada a sa musu tashin asuba ko komawar magariba, kuma a ba jami'an tsaro da masu gari damar dakatar da tafiya ba tare da an ci mai mota tara ba.

Gwaggon Yara: In haka ne a can sai a haƙura da isowa kafin 8. A yi magana da asibitin gunduma su ware wa ƴan motar lokacin karɓa.

Tsohon Kamasho: Malam Mai Lissafi, da layi nawa za a fara?

Mai Lissafi: Uku sun isa, Baba, kuma masu bambanci: ɗaya a birji mai kyau da ke fitowa RN1, ɗaya da ke fitowa hanyar Dakwaro, ɗaya a rairayi da mota mai jan huɗu. Kafin a fara a sa mutum ya zauna bakin kowace hanya mako 4 yana ƙirga masu fita a babur, amalanke da ƙafa, da inda za su, don a san ko mutum 6 ɗin da na sa a misali suna nan. Ba lallai a fara da kullum ba, kwana 3 a mako tsayayyu sun fi kwana 6 na wataƙila. Garuruwan da ke kusa da Maraɗi a haɗa musu da Litinin da Juma'a saboda babbar kasuwa. Kada a yanke hukunci kafin wata 12, don sai mutane sun ga motar ta tashi da mutum 2 sau da yawa kafin su yarda su daina kwana a tasha.

Bakanike: Layin rairayin ku sake masa lissafi daban. Land Cruiser a yashi tana iya shan lita 18 zuwa 20 a kilomita 100, tayarta ta fi tsada, kuma mutum 10 zuwa 12 za ta ɗauka in ana son kowa ya zauna. Kilomitarta za ta haura sefa 300, kada a sa mata farashin Hiyas.